Layar zana da wuri guda

Daren wata Juma'a a fadarmu ta unguwar Zariya, an sauke shayi na biyu ke nan, wasanmu ya kusa watsewa saboda zobe ɗaya. Mu shida muke wasan jarumai irin na Dungeons & Dragons, inda kowa ke zama mutum ɗaya a cikin labari, ni ne mai jan labarin. Ba mu da ƙwaya mai fuska 20, da ƙwayoyin lido uku muke jifa, duniyar wasan kuwa tamu ce: Katsina da Gobir na zamanin da, da fatake, da ƴan tauri, da bokaye.

Ƙanena ɗan sane ya zaɓa ya zama. Na ba shi zoben da ke zaro abu daga aljihun kowa ba a sani ba, har aljihun abokan wasa. Zama biyu kacal ya yi musu ƙarƙaf. Abokinmu mai bafatake, da ya yi wata guda yana tara wuri, kuɗin zamanin da, don sayen raƙumi, ya ajiye takardarsa ya ce shi ya gama. Ransa ya ɓaci sosai, kuma da gaskiyarsa. Ni na ƙera zoben, laifin nawa ne.

Manyan masu ƙera wasa ma sun sha wannan. Ultima Online, wasan kwamfuta na intanet da ya fito a 1997, ya bar ƴan wasa su yi wa juna sane, ƙorafi ya yi yawa, a 2000 aka buɗe wani ɓangare mai suna Trammel inda aka hana. World of Warcraft kuwa aljihun mutanen da kwamfuta ke juyawa kaɗai ya yarda a taɓa. Ni ban son hanawa. Ɗan sanen da ba ya iya taɓa kowa ba ɗan sane ba ne. Abin da nake so, wanda aka yi wa sata ya sami abin yi bayan satar.

Sai na karɓe zoben na ba shi layar zana, wadda muka taso muna jin labarinta. Tana aiki sau ɗaya daga faɗuwar rana zuwa asuba. Ɓarawo ya jefa ƙwaya uku a ƙara masa 2, mai aljihu ma ya jefa nasa a ɓoye, ni kaɗai nake gani. In cikin cunkoso ne, irin na babbar kasuwa ranar Litinin, ɓarawo ya sami ƙarin 1. Ba ta ɗaukar abin da ke hannun mutum ko wanda ya fi tafin hannu girma.

Sharaɗin da na fi so shi ne na ƙarshe: duk abin da layar ta ɗauka, sai ta bar wuri guda a gurbinsa, mai ɗumi. Mai kaya ya kai wurin nan ga boka, a duba masa inda ɓarawo ya kwana.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ai ka kashe mini sana'a." Na ce ya gwada tukuna.

Juma'ar da ta wuce ya zare ƴar jakar kuɗin bafatake a bakin Gulbi. Bafatake ya laluba, ya ji wuri mai ɗumi, bai ce uffan ba. Ya biya boka, ya ɗauki ƴan tauri biyu haya, suka bi sawu har garin Tsibiri. Sai ƙarfe ɗaya na dare muka tashi, ba a kama shi ba tukuna, kuma bafataken ne ya fara tambayar yaushe za mu ci gaba.