Kwanar Ƙaura ta daina kayar da jirgi

Alhamdu lillahi 'yan uwa, jiya da daddare kan ɗan ƙaramin samfurin jirgin ƙasana ya ja taragu shida yana zagaye teburin nan tun bayan sallar isha'i har batirin sola ya fara ja da baya, bai goce ko sau ɗaya ba. Kwanar da nake kira kwanar Ƙaura, wadda ta hana ni sakat tun shigowar hunturu, ta miƙa wuya. Waɗanda suka ga hoton taragon gyaɗa kwance a gefen dogo sun san irin takaicin da na ƙunsa. Duk mai shirin shimfiɗa dogo a Zariya ko Funtua ko Kano, don Allah ya karanta wannan kafin ya buga ƙusa ko ɗaya.

Ga waɗanda ba su daɗe da shigowa cikinmu ba: ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Zariya nake ginawa a kan tebur, yadda take a shekarun 1950, lokacin da hanyoyi huɗu ke haɗuwa a Sabon Gari. Akwai ta Kaduna, da ta Kano wadda dogo ya kai a 1911, da reshen da ya bi ta Funtua da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, sai ƙaramin dogon Bauchi da aka yi domin kuzar Jos, wanda aka rufe a 1957. Ma'aunina 1:87 ne, wato komai an rage girmansa sau 87, a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Na san masu tsantseni za su ce tsohon dogonmu milimita 1,067 ne, don haka na 12 ya kamata in nema, na 16.5 kuwa na irin layin Abuja zuwa Kaduna ne mai 1,435. Gaskiyarsu. To amma abin da gwanjo ya kawo shi muke da shi, kuma ban taɓa cin karo da kan jirgi mai 12 a ƙasar nan ba.

A watan Agusta na shimfiɗa dogon, ana tsakiyar ruwa. Kuɗin filawud ya yi mini yawa a lokacin, sai kafinta ya haɗa mini faffaɗan falankai huɗu da gam, gefe da gefe, faɗinsu mita ɗaya cif. Dogon irin mai lanƙwasuwa ne, na haɗa dukkan gaɓoɓinsa da soda, wato dalmar da ake narkarwa a liƙa ƙarfe, yadda ake nunawa a bidiyon Turawa don kada wuta ta yanke, na zuba tsakuwa na manne ta. Har ƙarshen Oktoba jirgi na tafiya lafiya lau, ko gargada babu.

Da iska ta juya sai taragon farko ya fara tsalle a tsakiyar kwanar hagu, wato kwanar Ƙaura. Kullum wuri ɗaya, daidai bishiyar rimin da na yi da waya da soso. Da farko sai jirgi ya yi gudu, daga baya ko a hankali ya zo sai ƙafar gaba ta hau kan ƙarfe ta faɗa waje.

Kowa zai ce ƙura ce, ni ma ita na fara zarga, domin a hunturun Zariya ko ka rufe tebur da zani da safe za ka rubuta sunanka a kai. Na goge dogo da sipirit, na goge ƙafafu, na bi saman ƙarfen da bakin fensir. Tsayawar da kan jirgin ke yi a mararraba ta ragu ƙwarai, wannan kam riba ce, amma gocewa na nan. Na koma kan ƙafafu. Na ari ma'aunin kauri wurin wani mai juya ƙarfe a Tudun Wada, na auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa a kowane tarago: milimita 14.5 ake so, biyu sun kauce kaɗan, na gyara. Na ƙara wa taragon gyaɗa nauyi da noti biyu a cikinsa. Na juya shi gaba ya koma baya. Na mayar da shi ƙarshen jeri, sai wanda ya gaje shi a gaba ya ɗauki faɗuwar. A nan na gane ba tarago ba ne, amma idona bai ga komai a dogon ba. Daga sama kwana ce kyakkyawa, kamar ranar da na shimfiɗa ta.

Sai da na kashe fitilar ɗaki, na kwantar da tocila a kan tebur, na sa kumatuna a katako ina kallon dogon daga gefe. Ƙarfen waje ya ɗago daga mazauninsa. 'Yan haƙoran robar da ke riƙe da shi sun ɓalle guda biyar a jere, tsakuwar wurin ta tsage siririyar tsaga, kuma ƙarfen ya yi wani ɗan gwiwa da bai kai ƙwayar gero ba. Ma'auni ya nuna faɗin dogon a wurin ya buɗe ya wuce 17.5, sannan taƙi kaɗan a gaba ya matse ƙasa da 16. Ƙafa ta zurma a inda ya buɗe, ta zo inda ya matse ta hau sama. Shi ke nan.

Na danna shi ya koma, na ɗiga gam mai kamawa nan take. Ya yi shiru 'yan kwanaki, sai ya ɓullo a gaba kaɗan. Wallahi ranar na rufe ɗakin na fita, ban ko ci abincin dare ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙarfe da zafi yake miƙewa, mu kuwa muna cikin sanyi. Irin farin ƙarfen dogonmu, ko zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 20, abin da mita ɗaya zai ƙara bai wuce sulusin milimita ba, a sanyi ma ja da baya yake yi. To me ke tura shi? Kafintan da ya yi mini teburin ne ya warware, dattijo ne a kasuwar 'yan katako. Ina cikin ba shi labari ya katse ni: "Malam, yaushe muka haɗa falankan nan?" Na ce Agusta, Baba. Ya ce, "Ƙofar ɗakinka ba ta cijewa da damina, ta saki da hunturu? Je ka auna faɗin teburinka."

Na auna. Mita ɗayan nan ya rasa milimita 7. Tsawon kuwa bai motsa ba, domin katako a faɗi yake tsukewa, a tsawo da ƙyar ka ga bambanci. Shi ya sa miƙaƙƙun layukan tasha, da suka bi tsawon falanki, ba su taɓa ba ni matsala ba, kwanoni biyun da suka ratsa faɗinsa su ne suka sha matsi. Da na yi lissafi, kowace kwana ta samu rarar ƙarfe kusan milimita 5 da ba shi da wurin zuwa, tunda soda ta rufe dukkan gaɓoɓi. Dole ya nemi inda roba ta fi rauni ya fita.

Laimar iska a garin nan takan kai kashi 80 cikin ɗari a Agusta, ta faɗo ƙasa da 20 a Janairu da Fabrairu. Masu yin bidiyon da muke koyo a wurinsu ba su san wannan tazarar a ɗakunansu ba, shi ya sa za ka ji mutum na cewa a haɗa komai da soda hankalinsa kwance. A ganina wannan shawarar ba tamu ba ce, kuma ina jin haushin yadda ba wanda ya taɓa faɗa mana.

Gyaran ya ci kuɗi, ba zan ɓoye ba. Kwanar dama na cece ta: na yanka ƙarfen da siririn zarto a mashiga da mafita, na rage rarar da magagari, ya koma mazauninsa da kansa har da ɗan ƙara. Ta hagu ba ta cetu ba, robar ta gama karyewa. Sabon dogo guda uku, kowane yadi ɗaya, da kuɗin kawowa daga Ingila ta hannun wani ɗan uwa, naira dubu 48. Filawud mai kaurin milimita 12, wanda na guje wa a Agusta, dubu 27, ga fenti. Na yanke falankan gefen biyu na maye su da shi, domin ɓawonsa a gicciye aka jera su, wani na riƙe wani, motsinsa kaɗan ne. Na shafe shi sama da ƙasa da baki-baki, musamman bakin, ta nan yake shan laima. Tsakuwar da na ɓata dare ina jerawa da cokalin shayi, da ruwan ɗumi na jiƙa ta na kankare.

Yanzu tsarina: cikin kwana gaɓa na da soda, saboda in ka bar ta sake a nan gwiwa za ta yi. A kan miƙaƙƙe kuwa maɗauri kawai nake sawa, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin dogo biyu, ƙarfe ya samu wurin zamewa. Kuma ban ƙara dogara da maɗauri ya kai wuta ba. Kowane guntun ƙarfe na da 'yar wayarsa da aka liƙa a ƙasansa, ta ratsa rami ta sauka kan manyan wayoyi biyu da ke bin ƙarƙashin tebur. Aiki ne mai cin rai, hannuna duk ƙunar soda, amma kan jirgin da da yake rage gudu a can ƙarshen tebur yanzu tafiyarsa ɗaya ce ko'ina.

Ga wurin da nake so ku riƙe, domin da kaina na juya shi kafin ya zauna mini: girman tazarar da za ka bari ya danganta da watan da kake aiki. Mai shimfiɗawa da damina katakonsa a kumbure yake, tsukewa zai yi nan gaba, sai ya bar tazarar kaurin katin ATM a kowace gaɓa, wato kamar milimita 0.8. Mai shimfiɗawa yanzu da hunturu katakonsa ya gama tsukewa, buɗewa zai yi, in ya bar tazara mai yawa to a Agusta ƙafa za ta riƙa faɗawa rami. Ni kaurin takarda biyu na bari, saboda zafin bazara a ƙarƙashin kwano. Na rubuta faɗin teburin da fensir a ƙasansa tare da wata, zan sake aunawa idan ruwa ya sauka in faɗa muku abin da na gani.

Da a ce komai ya tafi yadda na tsara, da yanzu na gama ginin tasha da rumbun auduga, na shiga gadar Kubanni. Ginin tashar dai na nan rabi, kwali ne da bangon da na shafa wa jar ƙasar da na tankaɗe, ita gadar kuma na fara ƙafafunta tun ina jiran saƙon dogo, duk sun cakuɗe. Wani amfani da tazarar ta kawo wanda ban nema ba: taragu na wucewa a kan gaɓa kana jin ƙwas-ƙwas, irin na jirgin Kano idan ya baro tasha.

Abin da ke gabana shi ne dogon Bauchi. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762, wanda a ma'auninmu ya faɗo kusa da 9, wato dogon ƙananan jirage na ma'aunin da ake kira N, mai faɗin milimita 9, zai yi daidai in an rage yawan robar ƙarƙashinsa. Wanda ke da ragowarsa, ko da tsoho ne mai tsatsa, ko wanda kakansa ya yi aikin reluwe ya bar hoton inda ƙaramin layin ke shiga tashar Zariya, ya taimaka ya neme ni. Filin da na ware masa na nan a kan filawud, na riga na shafe shi fenti.