Ki Tambayi Aikinta Kafin Ki Buɗe Gam

Jiya na ga wata yarinya mai koyon sa farce ta zaro dogayen faratan roba za ta manna wa mai sayar da abinci. Ta tambaye ta kala, ta tambaye ta tsawo, ba ta tambayi abin da hannun yake yi daga safe zuwa dare ba. Kuskuren da na yi shekaru ina yi ke nan, 'yata.

Duk farcen da ya ɗaga kafin mako biyu, gam nake zagi, ko in ce hodar akirilik ɗin, wadda ake gina farcen roba da ita, jabu ce. Alhali ruwa ne. Farcen mutum yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya motse, shi kuwa akirilik ba ya bin sa. Mai wanke-wanke da ruwan zafi da omo, nata daga gindi yake fara ɗagawa, ruwa ya kwanta a ƙasa, ƙwayar cuta ta mayar da wurin kore. Ni kuwa sai in ɗiga gam in danne, na rufe dattin ke nan a ciki. Wannan kam ba ni da uzuri. Amma batun tsawo, ai ba ni kaɗai ba ce: kwastoma ce ke miƙo hoto a waya, dogo ya fi kuɗi, in kin ƙi ta shiga shagon gaba. Wa zai kori ciniki?

Kowace sana'a da inda take cin farce. Mai buga kwamfuta da mai POS bakin farce suke ci, bugun yana komawa tsakiya ya tsage, musamman in ba ki yi masa tudu mai kauri a wurin ba. Mai kitso, gashi yana shiga ƙarƙashin gefe ya ɓalle shi, man kitso ya ƙarasa aikin. Mai girki, manja da kurkum suna rina fari da ruwan hoda. Ma'aikaciyar jinya kuwa ba maganar ƙarko ba ce ma: ƙa'idar tsaftar hannu ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta hana mai taɓa marasa lafiya sa farcen roba.

Na yi niyyar jero miki dokoki goma, amma na san ku 'yan yanzu, rabin hankalinku yana TikTok, don haka ga kaɗan. Hannun da ke aiki, kada abin da ya wuce yatsa ya fi rabin asalin farcen, kuma ki zagaye bakin. Ki tura fatar gindi, ki goge sheƙin da magogin farce mai lambar kaushi 180, ki busar, ki bar kamar milimita 1 tsakanin akirilik da fata. Farce yana tofo kusan milimita 3 a wata, don haka mai aikin ruwa ta dawo a cike mata wurin da ya tofo a mako 2, ba 3 ba. Wanda ya yi kore a jiƙa shi a asiton, ruwan da ke narkar da akirilik, a cire, kada a ɓanɓare.

Mai abinci kuwa, ki ce mata a'a kawai. To, in ta nace, kuɗin haya ba ya jira: ki yi mata gajere, ki sa ta sayi safar hannu ta roba, duk da na san ba za ta sa ba.