Kwamfutar Hajiya da ke mutuwa bayan azahar

Shagona yana unguwar Nima a Accra, ɗan kwantena ne mai rumfar kwano a gaba, ba nisa da babban titi inda motocin tiro-tiro ke jerin gwano zuwa Circle. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran kwamfuta a cikinsa, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Yawancin abin da ake kawo mana kwamfutocin tebur ne 'yan gwanjo, irin su Dell OptiPlex da HP, waɗanda suka gama aikin ofis a Turai ko Amurka, aka lodo su a jirgin ruwa suka sauka a Tema, daga nan suka bazu zuwa Tip Toe Lane da sauran kasuwanni. Can sun saba da ɗaki mai sanyi. Masu ƙera irin waɗannan kan rubuta cewa kada zafin ɗakin ya wuce digiri 35. Nan Ankara kuwa, kamar yadda mu 'yan Zango ke kiran Accra, a watan Maris ana yin 32 ko 33 a waje, balle cikin kiyos mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. Ga gumi, ga ƙura. Ai dole su koka.

Wata Hajiya ce ta sa na zauna rubuta wannan. Tana da shagon buga takardu a Maamobi: wasiƙun neman aiki, katin biki, takardun 'yan makaranta, hoton fasfo. Ta aiko da kwamfutarta a tasi, ita ma ta biyo baya.

Ta ce, "Ɗana, da safe lafiya lau take. Da an yi sallar azahar sai ta fara gurnani, ta yi nauyi, can sai ɗif. In na kunna ba ta tashi sai ta huta."

Na ce, "Hajiya, in ta mutu, firinta da fankar sama su ma suna ɗaukewa?"

Ta ce a'a, ita kaɗai ce.

Wannan tambaya ita nake fara yi wa kowa, don tun zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 mutanenmu suka saba ɗora wa wuta laifin komai. Hajiya ta riga ta sayi sitabilaiza. Wani ma ya karɓi kuɗinta ya sake zuba mata Windows, wai ƙwayar cuta ce. Duk ba a taɓa inda ke ciwo ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana da dabarar kare kanta. Yawancin na Intel in sun doshi digiri 100 sai su rage gudu da kansu don zafin ya sauka, shi ne nauyin da Hajiya ke ji. In hakan bai yi magani ba sai su kashe komai gaba ɗaya, ba sallama. Gurnanin kuwa fanka ce ke gudu iya ƙarfinta.

Ba na son yin aiki da zato, saboda haka muka jona ta, na buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, na duba. Tana zaune ba ta aikin komai amma tana nuna digiri 68. A yanayinmu na nan, in kwamfuta ba ta aiki ina son ganin 40 zuwa 50. In tana aiki mai nauyi ta kai 75 ko 80 ba na tayar da hankali. In ta haura 90 to akwai magana. Duk da haka ta wuni a kan teburina ba ta mutu ba. Wannan ya nuna mini cewa rabin ciwon yana cikinta, rabin kuma yana can Maamobi.

Muka fara da na cikin. Ita ba 'yar kamfani ba ce, haɗin gida ce, doguwar akwati da Core i5 da irin fankar nan mai zagaye da ke zuwa tare da furosesa. Da ka buɗe murfin gefe sai ka ce ai da sauƙi, 'yar ƙura ce kawai a ƙasa. Amma ƙurar da ke kisa ba a ganinta daga sama. A ƙarƙashin fankar akwai ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari kamar matsefi, shi ke zuƙe zafi daga furosesa, fanka kuma ta hura iska ta tsakanin haƙarƙarin. Da na ɗaga fankar sai ga wani abu toka-toka ya shimfiɗu a kai kamar guntun bargo, na kama gefensa da yatsa biyu ya taso gaba ɗayansa bai tsinke ba. Fanka na ta juyi, iska ba ta wucewa. Ƙurar hunturu ce ta Disamba zuwa Fabrairu, ta haɗu da laimar teku da hayaƙin man suya na masu ƙosai da ke bakin titi, ta zama danƙo. Irin wannan hurawa kaɗai ba ta fitar da ita, sai an bi da buroshi.

Waje muke fita da ita mu hura da bulowa, kuma dokar shagona ita ce a riƙe fanka da yatsa kafin a hura. Yara na son su ji tana kuka fiii kamar jirgi, amma wannan gudun ya fi ƙarfin boris ɗinta, bayan sati biyu sai ta fara ƙara. Akwatin wuta kuwa, wato wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar lantarki, daga waje kawai ake hura shi. Ba na barin yaro ya kwance shi, don akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare soket. Tunda na ambaci akwatin wuta: tsofaffin da ke zuwa daga Amurka wasu na da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. Wutarmu 230 ce. Wanda ya jona ba tare da ya duba ba zai ji "tau!" da warin ƙuna. Wannan ba zancen zafi ba ne, amma na ga an yi asara a kai ba sau ɗaya ba.

Sai maganar man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen. Na Hajiya ya bushe ya zama kamar filasta, yana ɓantarewa. Mutane da yawa na zaton man nan shi ke sanyaya furosesa, shi ya sa suke lafta shi. Ba haka ba ne. Fuskar ƙarfe ko ta yi santsi a ido tana da ƙananan ramuka, iska na maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta ɗaukar zafi da kyau. Aikin man shi ne ya cike ramukan nan, shi ke nan. Ana goge tsohon da sifirit da tsumma mai tsabta har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙaramar ƙwayar wake, nauyin ƙarfen ya baza shi. Babban yarona da ya fara zuwa shafa shi yake kamar bota a burodi. Na taɓa buɗe wata ma na tarar da man goge baki aka sa, har ƙamshin na'ana'a na tashi.

A nan ne ni ma na yi abin kunya. Irin wannan fanka ƙafafu huɗu gare ta na roba, kowace da farin baki mai tsaga biyu da ke shiga rami a jikin madabod, wato babban allon da furosesa ke zaune a kai, sai baƙin tsinke ya bi ta tsakiya ya buɗe shi ya kulle. Ana danna su ne biyu-biyu a gicciye. Na danna, na ji ƙas-ƙas, na rufe, na kunna. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga 94. Na hau faɗa, wai man da aka sayar mini jabu ne, har na fara shirin aika yaro Circle ya mayar. Ƙaramin yaron, wanda bai fi wata huɗu da zuwa ba, ya zagaya ya cire ɗayan murfin, ya leƙa bayan madabod da tocilan waya.

Ya ce, "Maigida, ƙafar nan ɗaya ba ta fito ba."

Na duba. Rabin farin bakin ya lanƙwashe a saman ramin maimakon ya shiga, ƙarfen ya ɗan ɗage ta gefe guda, tazarar da ba ta kai kaurin takarda biyu ba. Wannan 'yar tazarar ce ta jawo 94. Na miƙe bakin da farce, na sake goge man na ɗiga sabo, na danna. Ta dawo 44. Ban ce komai ba, na dai saya masa koko da ƙosai washegari. Tun ranar, duk wanda ya ɗaura irin wannan fanka a shagon sai ya leƙa baya ya ƙirga baki huɗu, har ni.

Akwai kuma wata fanka a bayan akwatin da wani ya ƙara mata, mai milimita 80, kuma a juye ya ɗaura ta. Tsarin akwatin kwamfuta shi ne iska mai sanyi ta shigo ta gaba daga ƙasa, ta bi ta kan kayan, ta fita ta baya daga sama. Wannan kuwa tana janyo iska daga baya zuwa ciki, wato iskar zafin da akwatin wuta ya fitar ita take sake shigowa da ita. Gane fuskar fanka ba wuya: da yawa suna da 'yar kibiya a gefe, in babu, iska na fita ne ta ɓangaren da sandunan roba da takardar kamfani suke. Ni dai turaren tsinke nake kunnawa in kai kusa, in ga inda hayaƙi ya nufa. Muka juya ta, muka sa wata mai milimita 120 a gaba. Babbar fanka na tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, don haka ba ta da ƙara. Wayoyin da suka yi cunkus a tsakiya muka ɗaure su gefe.

Washegari na bi ta Maamobi da kaina, don in ga sauran rabin. Kafinta ya yi mata teburi mai kyau da ɗan kabad a ƙasa, mai ƙofa da makulli saboda ɓarayi. A ciki kwamfutar ke zama, bayanta manne da katako, ba ko huda ɗaya sai ta waya. An kuma lulluɓe ta da atamfa. Kusa da ita injin fotokwafi ne ke fitar da nasa hucin. Na sa hannu cikin kabad ɗin, kamar tanda.

Na ce, "Hajiya, wannan zanen fa?"

Ta ce, "Saboda ƙura ne, ɗana. Ba kai ka ce ƙura ce ke kashe su ba?"

Gaskiyarta, kuma ba ita kaɗai ba ce. Masu tsabta su suka fi yin wannan. Na ce mata ta ɗauka mutum ne aka sa shi daka a ɗaki ba taga, aka kuma rufa masa bargo. Fanka ko guda goma ce ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar da ta samu ita take turawa. In iskar kabad ta yi zafi, zafi za ta yi ta juyawa. Da safe katako da ɗakin duk da sanyinsu, shi ya sa take kaiwa azahar.

Wasu in sun ji haka sai su cire murfin gefe su saita fankar tsaye a kai. A doguwar akwati yana ɗan taimakawa na kwana biyu, amma ka buɗe wa ƙura da kyankyasai da tsaka ƙofa. A ƙananan 'yan kamfanin nan kuwa, da aka tsara wa iska hanya ɗaya daga gaba zuwa baya, cire murfi na iya hana iskar bin inda ya kamata. Samari masu haɗa bidiyon biki su kuma kullum zancensu na'urar sanyaya ta ruwa, don sun gani a YouTube da fitilu masu launi. Ba na hana mai kuɗinsa, amma ina gaya musu famfonta na iya mutuwa shiru ba ka sani ba, ƙarfenta mai haƙarƙari ma ƙura na toshe shi kamar kowane. Babban ƙarfe mai tsayi da fanka 120 ya ishi mafi yawansu, in fankar ta mutu kuma ko'ina ana samun wata.

Ta fuskar kuɗi, aikin nan ba ya kawo wani abin kirki. Awa biyu za ka yi kana shaƙar ƙura, in ka faɗi kuɗin aiki a ce, "Ba hurawa kawai ka yi ba?" Mutum ya fi sakin kuɗi in an ce masa wani abu ya ƙone an canza, kuma na san akwai masu cin abinci ta wannan hanya. Abin da na koma yi shi ne, da hunturu ya wuce, ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sai mu ɗauki bulowa da buroshi da man shafawa mu zagaya shagunan buga takardu da ƙananan makarantun da ke hulɗa da mu, daga Nima zuwa Newtown har Sabon Zango, mu share musu kafin zafi ya kankama. Kuɗin kowace ɗaya kaɗan ne, amma in sun taru suna biyan hayar kwantena.

Hajiya ta kira kafintan ya cire katakon bayan kabad ɗin, ya huda ƙofar ya sa raga irin ta taga, muka ɗora kwamfutar a kan katako biyu don ta bar ƙasa, muka matsar da injin fotokwafi ɗaya gefen. Na jira har bayan azahar tana buga katin wani biki, zafin bai wuce 71 ba. Zanen dai ta ƙi rabuwa da shi. Muka yi yarjejeniya: sai an kashe, an tashi daga aiki, sannan a rufa. Ranar Juma'a ta aiko mana da waakye a ganye, har da ƙwai da taliya, ta ce a ba yaron da ya ga ƙafar nan kaso biyu, don ashe babban ya riga ya kai mata labari.