Juma'a, 24 ga Afrilu 2020: Azumin farko da rigimar Reagor

Yau ɗaya ga Ramadan kuma wallahi da ɓacin rai na yi sahur, abin kunya ma ace wai saboda ƙwallo ne, ƙwallon ma ba irin tamu ba, ta Amurkawan nan da ake rungumarta a ƙirji ana gudu kamar an sato kaza. Ƙarfe huɗu saura maman yara ta tashe ni, ta dubi idona tace Abban yara lafiya kuwa, ko wani abu ya faru a gida? Nace lafiya lau, kulob ɗinmu na Eagles ne. Tsaki kawai ta ja ta turo min kofin shayi.

Jiya da daddare aka yi zagayen farko na diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da kulob-kulob na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suke yi duk shekara. Da a Las Vegas za a yi shi amma korona ta hana, sai kowa ya zauna a gidansa, shi kansa shugaban NFL ɗin Roger Goodell daga ɗakin ƙasa na gidansa yake karanto sunaye, ga talabijin a bayansa cike da fuskokin magoya baya suna ihu. Masallatai a rufe suke a nan Filadelfiya, to asham ɗin farko a falo muka yi ni da iyali, kuma Allah Ya yafe min, ina sallamewa hannuna ya tafi kan rimot.

Mu muna lamba 21. Tun watanni uku kowa a garin nan ya san me muke nema, risiba, mai cafe ƙwallo, yaron da zai tsinka da gudu kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ya wurga masa ya kama. Bara kwatabak ɗinmu Carson Wentz ya jefa yadi 4,039 amma a cikin risibobinmu babu ko ɗaya da ya kai yadi 500, wanda ya fi kowa shi ne Alshon Jeffery da 490. DeSean Jackson ya yi wasa ɗaya mai kyau ya ji ciwo shikenan. Har sai da aka koma ɗauko yaran ajiya irin su Greg Ward wanda a jami'a ma kwatabak ne. To ka ga ba son zuciya bane, yunwa ce ta gaske.

Raiders suka ɗauki Henry Ruggs a 12, Broncos suka ɗauki Jerry Jeudy a 15, duk risibobi ne, sai wani risiban CeeDee Lamb ya yi ta saukowa ya yi ta saukowa ba a ɗauke shi ba har na miƙe tsaye na fara zagaye tebur, kawai a 17 sai Dallas. DALLAS fa! Maƙiyanmu na gidi. Mai kulob ɗin Jerry Jones yana zaune cikin jirgin ruwansa na alfarma yana murmushi kamar ango. Na zauna nace to ba komai, ai Justin Jefferson na nan, kuma ya tsaya, 18, 19, 20 ba wanda ya taɓa shi, har na rubuta wa abokaina a guruf nace ku fara taya mu murna. Sai Goodell ya buɗe baki yace Jalen Reagor, risiban jami'ar TCU.

Gidajen unguwarmu a manne suke da juna, bango ɗaya muke rabawa da wani dattijo da ya ce min tun 1960 yake bin kulob ɗin nan, shekarar da suka ci kofi yana yaro. Ta cikin bangon na ji wani abu ya faɗi, ko rimot ko faranti ban sani ba. Ko minti goma ba a yi ba Minnesota suka ɗauke Jefferson a 22, da lambar da suka samu daga Buffalo a cinikin Stefon Diggs. Wato dai mun ajiye musu nama a faranti mun ce bismillah.

Da safe na fita aiki, mu masu kai kaya gida gida ba mu da zaman kulle, takunkumi a hanci safar hannu da sanitaiza a gefen giya. Titi fayau, Market Street da ake shan wahalar wucewa yau kamar ranar idi da hantsi a ƙauye. Na kunna WIP, gidan rediyon wasanni na garin nan, kuma daga nan jarabawar azumina ta fara don duk wanda ya bugo waya zagi yake, wanda ba a iya sakawa a iska su datse. Wani yace a kori Howie Roseman, manajan da ke zaɓar wa kulob ɗin 'yan wasa, yau ba gobe ba. Wani yace shi ya daina, ya mayar da rigarsa akwati, mai shirin yace ai bara ma haka ka ce. Wata mata da muryarta ta nuna ta manyanta ta lissafo alƙaluma tiryan tiryan kamar mai karanta sakamakon zaɓe: Jefferson ya cafe 111, yadi 1,540, ya shiga raga sau 18, ya ci kofin ƙasa da jami'ar LSU tare da Joe Burrow wanda shi aka fara ɗauka jiya. Reagor kuma 43, yadi 611, sau 5. Tace a gaya mata wane makaho ne ya duba wannan ya zaɓi na biyu. Ni ina tuƙi ina gyaɗa kai ina cewa gaya musu dai Hajiya, sai na tuna ina azumi nace astagfirullah, bayan minti biyu na sake komawa.

Akwai masu kare shi fa, ba su da yawa amma akwai. Hujjarsu ita ce Jefferson yawanci ta ciki ya buga bara, kuma cikin filin namu a cike yake, ga Zach Ertz ga Dallas Goedert, abin da babu shi ne mai gudu ta gefe da zai ja masu tsaron baya su ja da baya. Suka ce Reagor ɗan sabon shiga ne yake jefa masa ƙwallo a TCU bara shi yasa lissafinsa ya faɗi, a 2018 ai ya yi 72 da yadi 1,061. Yana tsalle inci 42, yana dawo da bugun sama har raga. Duk na ji. Amma abin da ya tsaya min a wuya shi ne idan gudu aka je saya, a gwajin da aka yi a Indianapolis watan Fabrairu Reagor ya yi yadi 40 a daƙiƙa 4.47, Jefferson ya yi a 4.43. To mai gudun da aka ce ai wancan ya fi shi a agogo. Sun ce wai ya ƙara nauyi ne lokacin gwajin, a fili ya fi haka sauri. Toh. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Kuma mutanen nan ba Reagor kaɗai suke gani ba, tsohon miki ne aka fama. Bara a zagaye na biyu Roseman ya ɗauki JJ Arcega-Whiteside a 57 ya bar DK Metcalf ya tafi Seattle a 64. Namu ya gama shekara da cafe 10. Metcalf kuwa ya zo har gidanmu a watan Janairu ya zuba mana yadi 160 suka fitar da mu 17 da 9, ranar da Wentz ya bugu a kai ya fita tun farkon wasa. Ina kallon wasan nan da dattijon maƙwabcina, bai ce uffan ba har aka tashi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, yau duk garin tsumma suke gani.

Wajen azahar na tsaya gefen hanya na kira gida, can yamma ta yi sun kusa shan ruwa. Kano a kulle take ita ma tun makon jiya, Hajiya tace kasuwa ba shiga, kayan miya sun yi tsada, ta yi min addu'a tace in kula da kaina da wannan ciwon. Sai ta miƙa wa ƙanina, shi kuma ɗan Arsenal ne da ba ya jin kira, yace Yaya na ga sitatus ɗinka jiya kana ta kuka, wa ya mutu? Na yi masa bayani, nace nan ba a sayen yaro daga akadami kamar Turai, kulob 32 ne suke layi su zaɓi yaran jami'a ɗaya bayan ɗaya har zagaye bakwai, wanda ya fi kowa shan kashi bara shi ke fara zaɓa, yaron kuma ba shi da ta cewa, inda aka kira sunansa nan zai tafi. Yace to yaron ya buga muku wasa nawa ya ɓata? Nace ko ɗaya, jiya aka ɗauke shi. Ya yi dariya har da tari yace Yaya to ku mahaukata ne? Ko mu da Pepe sai da muka ba shi wata uku kafin mu fara zaginsa.

Na kashe wayar ina dariya amma maganar ta zauna min. Don gaskiya jiya na ga yaron a talabijin lokacin da aka kira shi, yana Texas cikin danginsa ana ta rungume shi, shekararsa 21, ranar da ya fi kowace rana jira a rayuwarsa. Babansa Montae Reagor ma ya taɓa buga wa Eagles a 2007, wato gidan ba baƙo bane a wurinsu. In ya buɗe wayarsa yau me zai gani? Dubban mutane suna rubuta sunan wani a ƙarƙashin hotonsa. Laifinsa ɗaya, shi ba Jefferson bane, kuma ba shi ya zaɓi kansa ba.

Sai na tuna Nelson Agholor, wanda a Legas aka haife shi, shi ma zagayen farko aka ɗauke shi a 2015 lamba 20. Lokacin da na zo garin nan saboda shi na fara kula da wasan ma, in an ce ɗan Najeriya sai in ɗaga kafaɗa duk da ban san dokar wasan ba. Ya sha zagi shekara biyu, ya farfaɗo a 2017, ranar Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, da muka doke Patriots 41 da 33 ya cafe tara, kowa ya manta da zagin. Bara ƙwallo ta fara zame masa a hannu kuma aka dawo kansa. Har gobara aka yi a nan yammacin gari, wani bawan Allah da ya taimaka wajen cafe jariran da ake miƙowa ta taga, 'yan jarida na tambayarsa sai ya ce su kam suna cafewa, ba kamar Agholor ba. Duniya ta ɗauka aka yi ta dariya, ni ma na yi, na tura wa mutum ya fi goma. Shi kuwa Agholor sai ya yaba wa mutumin ya gayyace shi kallon wasa. Watan jiya ya tattara ya koma Raiders. Wannan kujerar mai zafi ita aka ajiye wa Reagor, tun bai zauna ba an ƙara mata garwashi.

Da la'asar na dawo na tarar da dattijon a bakin ƙofarsa, muka tsaya nesa nesa kamar yadda aka ce. Nace Baba jiya me ya faɗi? Yace rimot ne, ya mutu, ya yi oda wani. Yace min a 1999 mutanen garin nan har New York suka yi mota suka je don su yi wa Donovan McNabb ihu ranar da aka ɗauke shi a lamba 2, saboda Ricky Williams suke so, kuma McNabb ɗin ya yi musu shekara 11 ya kai su Super Bowl. Nace to kenan kana ganin wannan ma zai yi kyau? Yace a'a, wannan kuskure ne, ya shige gida ya rufe ƙofa. Hhhh.

Ni dai ra'ayina bai canza ba, Jefferson ya kamata a ɗauka, mutumin da ya cafe 111 a gasar da ta fi kowace zafi a jami'o'in Amurka ba sai an yi dogon lissafi a kansa ba, kuma ina zargin Roseman yana da ciwon nan na son a ce ya ga abin da kowa bai gani ba. Amma na shiga na goge abin da na rubuta jiya a ƙarƙashin hoton yaron, ba zagi bane sosai amma ba abin da zan so a rubuta wa ɗana bane, kuma da bakin azumi.

An sha ruwa takwas saura, kunun gyaɗa da ƙosai, maman yara ta yi ƙoƙari da waken gwangwani ba a samu na kirki ba a shago. Zagaye na biyu ya riga ya fara, kyamara ta leƙa gidan kocin Patriots Bill Belichick sai ga karensa zaune kan kujera gaban kwamfuta shi ba ya nan, yara suka yi ta dariya, raina ya ɗan yi sanyi nace yau dai za a gyara, a ɗauko mai tsaron baya ko wani risiban. Lamba 53 ta zo. Jalen Hurts, kwatabak, Oklahoma. Kwatabak! Alhali bara bara aka ƙara wa Wentz kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 128. Roseman ya fito daga baya yana cewa wai so suke su zama masana'antar ƙera kwatabak.

Guruf ɗinmu ya kama da wuta, cikin minti biyar saƙo ya fi ɗari, kuma ba wanda ya ƙara ambaton Reagor ko sau ɗaya, yaron ya samu hutu ko kwana ɗaya bai cika ba. Ta cikin bango na sake jin wani abu ya faɗi, wannan karon da ƙarar fashewa. Maman yara tace Abban yara ka tashi mu yi asham tun kafin kai ma ka fasa min wani abu. Na saita alam ƙarfe uku da rabi, gobe akwai zagaye huɗu da suka rage kuma na rantse ba zan kalla ba, amma ƙarfe sha biyu na rana ake farawa kuma ba ni da aiki.