Mako na bakwai: ƙwan ya nuna a ido, amma ya ƙi ɗauka

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kwana wannan makon a aikin nunar da ƙwan ɓera a faranti, a wajen jikin uwa, sannan a haɗa shi da maniyyi.

Hannuna ya fara faɗawa wajen huda ma'ajiyar ƙwan ɓera da allura. Ƙwan bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, sai a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake tsintarsa, kuma dole a yi sauri don ba ya son sanyi ko kaɗan.

Ranar Litinin da yamma na sa ƙwayayen a akwatin ɗumi, digiri 37, iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Da safe, bayan awa 16, yawancinsu sun fitar da wani ɗan ƙullutu a gefe, alamar sun nuna. Murna har kunne, har hoto na ɗauka. Na zuba musu maniyyin da ya yi awa guda a ruwansa. Washegari na leƙa in ga sun rabu biyu, alamar sun ɗauka. Shiru kake ji.

Malamata ta ɗora ido a madubi, ta ɗago. "Ke ɗiyata, wa ya ce ki tuɓe su?"

Ni ce na tuɓe su, wai don in riƙa ganin ƙwan sosai. Ashe ƙananan ƙwayoyin da ke lulluɓe da shi, waɗanda ake kira kumulus, su ne masu yi masa girki. Ƙwan ɓera ba ya iya cin gulukos da kyau, su ke juya masa shi zuwa fairubet, abincin da yake iya ci, abin da aka gano tun 1967. Ga kuskure na biyu: ban sa ruwan jinin ɗan tayin saniya a ruwan renon ƙwan ba. In babu shi, ɓawon ƙwan kan taurare tun kafin maniyyi ya iso, ya yi ta zagaye a ƙofa ya rasa mashiga. Malama ta ce mangwaron kabaid na yi, waje ja, ciki ɗanye. Na ji zafin maganar, amma ba ta yi ƙarya ba. Shi kansa masanin kimiyya David Whittingham da ya fara haɗa ƙwan ɓera da maniyyi a faranti a 1968, da ƙwan da ya nuna a jikin uwa ya yi aiki.

Sai hunturun Birnin Kebbi. Iskar da ke fasa leɓe ita ke shanye ɗigon ruwan da ke faranti, gishiri ya yi masa yawa, ƙwai ya motse. Yanzu ba na fara komai sai na rufe ɗigon da mai na musamman don kada ruwan ya bushe. Ku riƙa lura da launin ruwan ma: in ya bar ja ya koma shunayya, ya daɗe a waje, kabon ya fice.

Mako mai zuwa faranti biyu zan jera, ɗaya da kumulus da ruwan jinin, ɗaya tuɓaɓɓe irin na wannan makon. Man janareta na riga na ajiye.