Zagaye na Biyu

Tun shekarar 2019 nake kula da wasu ƙananan kwamfutoci guda tara da ke zaman uwar garke, wato ma'ajiyar bayanan da sauran na'urori ke buɗewa, a ɗakunan shan magani da makarantu na ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Kowacce tana riƙe da rajistar marasa lafiya ko littattafan karatu, hasken sola da batir ne ke ciyar da su, sabis ɗin intanet kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Da farko da hannu nake saita kowacce, har ta kai na kasa tuna abin da na canza a wannan na manta a waccan. Wannan ne ya kai ni ga Ansible, manhaja mai buɗaɗɗen tushe da Michael DeHaan ya fitar a 2012, wadda kamfanin Red Hat ya saya a 2015. Mutum zai rubuta yadda yake so kwamfuta ta kasance a fayil ɗin YAML, wani tsarin rubutu mai sauƙin karantawa, ita kuma ta shiga ta hanyar SSH, wato amintacciyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta daidaita komai, ba tare da an girka wata manhaja ta musamman a can ba, in dai akwai Python, yaren kwamfuta da take aiki da shi. Daga baya na ɗora kundin umarnin da na rubuta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, domin duk mai buƙata ya ɗauka, kuma daga ranar nauyin kula da shi ya hau kaina.

Ginshiƙin irin wannan manhaja shi ne, idan aka aiwatar da umarni sau ɗaya aka sake maimaitawa, kada zagaye na biyu ya taɓa komai, domin ya tarar da aiki a kammale. Ansible na nuna hakan da launi: kore ga abin da ya samu daidai, ruwan ɗorawa ga abin da ya canza, ja ga abin da ya faskara. A wurinmu wannan ƙa'ida ita ce rayuwar aikin, domin sabis na iya yankewa ana tsakiyar saiti, a sake farawa sau uku ko huɗu kafin a kai ƙarshe. Akwai kayan gwaji mai suna Molecule da ke ƙirƙirar kwamfutar wucin gadi a cikin kwantena, wato keɓantaccen wuri a cikin wata kwamfutar, ya aiwatar da umarnin sau biyu, idan ya ga ko da canji ɗaya a zagaye na biyu ya ce gwajin ya faɗi.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Akwai wani mataki da na rubuta cikin gaggawa, wanda ke ƙara layi ɗaya a ƙarshen wani fayil ɗin saitin Nginx, manhajar da ke buɗe wa ma'aikata shafin rajista, domin a iya ɗora manyan takardu. Da ɗanyen umarni na yi shi, irin wanda Ansible ba ta da hanyar sanin ko ya canza wani abu, saboda haka kullum take nuna shi da ruwan ɗorawa. Gwajin ya faɗi, ni kuma ina sauri, sai na sa alamar da ke ce wa Ansible kada ta taɓa lissafa wannan mataki a cikin canje-canje. Nan take komai ya zama kore. Ban gyara ciwon ba, bakin mai faɗa mini shi na toshe.

Kowace maimaitawa tana ƙara kwafin layin, Nginx kuwa ba ya yarda ya tashi idan ya tarar da wannan umarni sau biyu a wuri ɗaya. Amma wanda ya riga ya tashi ba ya sake karanta fayil ɗin sai an sa shi, don haka makonni suka wuce babu wanda ya lura. Cikin watan Agusta aka yi kwana biyu hadari ya rufe rana, batir ya ƙare da dare, da gari ya waye kwamfutar ta kunnu amma shafin rajista bai buɗe ba. Dattijon da ke shugabantar ɗakin shan maganin sai da ya fita bayan gari kafin ya samu sabis ya kira ni, ya ce: "Malam, yau ranar awo ce, mata sun cika rumfa, ga shi abin naku ya ƙi buɗewa." Na ce: "Ranka ya daɗe, a fara rubutawa a takarda, ina nan tafe." Da yake a ranar kwamfutar ba ta shiguwa daga nesa, na hau babur cikin taɓo, na isa bayan azahar. Goge layukan bai ɗauki minti biyu ba, amma ma'aikatan sun kwashe yammaci biyu suna mayar da abin da suka rubuta a takarda cikin kwamfuta, kuma ni na jawo musu.

Na sake rubuta matakin ta yadda Ansible ke fitar da fayil ɗin gaba ɗaya daga samfuri, ta kwatanta shi da wanda ke can, idan akwai bambanci ta rubuta sabon a gefe sannan ta musanya su a lokaci guda, abin da ke da amfani a inda wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar rubutu. Na kuma ƙara wa gwajin mataki na uku: bayan zagaye na biyu a kashe Nginx a sake tayar da shi, a buɗe shafin a ga ya amsa. Duk inda na sa waccan alama ta yin shiru na bi na duba, inda ta zama dole na rubuta dalili a gefenta.

Kwantenar gwaji tsaf take, agogonta daidai, intanet ɗinta ba ya yankewa, kwamfutocinmu kuwa suna fama da ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Wasu daga cikinsu Raspberry Pi ne, kwamfuta mai girman tafin hannu, na tsohon ƙira da ba su da agogo mai batir, idan suka tashi babu sabis sai kwanan watansu ya tsaya a baya, manhajar girka kaya ta ƙi karɓar jerin manhajojin da ta ɗauko daga intanet domin a ganinta lokacinsa bai yi ba tukuna. Wani mai amfani da kundin daga wata ƙasa ne ya fara kawo rahoton wannan, tare da gyaran da ke daidaita agogo kafin a fara komai. Na gode masa, amma na roƙe shi ya haɗo da gwajin da zai faɗi idan aka cire gyaran, kuma tun daga nan ba na karɓar gyara, nawa ko na wani, sai na ga gwajinsa ya yi ja kafin ya yi kore.

Sauran aikin kulawa bin sawun abin da ke sauyawa ne a ƙarƙashin kundin. An daina tallafa wa Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020, a shekarar kuma Ansible 2.10 ta fitar da yawancin umarninta zuwa tarin ƙunshi daban-daban, sunaye suka tsawaita. Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na fitar da bugu mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, don haka da zarar ya fito nake ƙara shi cikin jerin gwaji. Ina kuma ajiye tsohuwar kwamfuta ɗaya a ɗakina, wadda nake zare wa waya da gangan ana tsakiyar saiti, in mayar, in sake farawa, kafin in bar sabon gyara ya isa ko ɗaya daga cikin taran nan.