Daga Damagaram zuwa Kokubu, gidan masu zuhudu

Limamin cocinmu na Zinder bai yi mini dogon wa'azi ba. Da na gaya masa abin da ya daɗe yana cin raina, cewa ina ji kamar Allah na kirana in shiga gidan zuhudu, in ƙare kwanana cikin addu'a da aikin hannu, sai ya ce gani ya kori ji. Dayosis ɗinmu na Maradi, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi, wanda aka kafa a 2001, ya haɗa Tawa da Agadas da Difa da mu duka, amma wanda ke neman irin wannan rayuwa sai ya tsallaka iyaka. Ya ambata mini gidaje biyu da ake addu'a da Faransanci a cikinsu: Kubri kusa da Wagadugu, da Kokubu kusa da Paraku a ƙasar Benin. Halin da hanyar Burkina take ciki ba sai an faɗa ba. Ya rubuta wasiƙa zuwa Kokubu, aka amsa cewa in zo.

Dangin Inna Musulmi ne, a Birni suke zaune, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Ba a tafiya irin wannan ba a sallami Kawu ba, don haka na je na durƙusa. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, halwa mun san ta. Mutum ya shiga kwana arba'in, ya fito ya koma wa iyalinsa. Wannan da ba a fita, ba aure, ba ɗa, wa zai yi maka addu'a in ka kwanta dama? Uwar taka kuma wa ka bar wa?" Na ce, "Kawu, dubawa zan yi tukuna." Ya yi shiru, ya laluba aljihu ya ba ni kuɗin guzuri, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Motarmu ta tashi tun kafin asalatu. Takeita, Tasawa, Agye, Maradi, duk hanyar da na sani ce. Bayan Maradi ne ido ya fara samun abinci: buhunan albasa jibge a bakin titi a Galmi, masana'antar siminti a Malbaza, 'yan canji a Konni riƙe da damin naira da sefa. In an tsaya salla, ni ke zama mai gadin jakunkuna, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili. Bayan Dogon Dutsi na sauka a Doso, na kwana a tasha, da safe na shiga ƙaramar mota zuwa Gaya, tafiyar kilomita kamar 150. Tun daga nan ƙasa take sauya kama, giginya ta yi yawa, iska ta yi laima.

Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a rufe na same ta, kamar yadda take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kwale-kwale mai inji ake shiga, mutane da babura da buhuna duk a cakuɗe, ruwan Kwara na lasar bakin jirgin. Bazazzage ko Bakano ban san yadda zai ji ba, amma Badamagare da ya saba sayen ruwa wurin 'yan garuwa, in ya ga wannan kogi sai jikinsa ya yi sanyi. Daga Malanbil zuwa Paraku ya haura kilomita 300, ta Kandi, cikin gonakin auduga. A Paraku na ji Hausa a zango kamar ina Kasuwar Dole. Ba abin mamaki ba ne, ta wannan ƙasa ta Bargu fatakenmu suka riƙa bi zuwa Gwanja sayen goro. Daga can ɗan babur ya kai ni bayan gari, har ƙofar gidan.

Mazauna Kokubu 'yan Tirafis ne, wato reshen Sistasiyan mai tsananin bin ƙa'ida. Asalinsu gidan Sito na Faransa da aka kafa a 1098, shi kuwa Kokubu 'yan zuhudun Belfonten ne suka zo daga Faransa suka kafa shi a 1972. Farar riga suke sawa, da baƙin ƙyalle mai sauka gaba da baya, da ɗamarar fata. Abin da ke tafiyar da gidan shi ne Ƙa'idar Waliyi Benedik, mutumin Nursiya ta Italiya, wanda aka haifa wajen shekara ta 480. Babi 73 ne gare ta, ƙaramar aba ce, amma ta yi magana har a kan barci da cin abinci da yadda ake riƙe kayan aiki. Babi na 53 ya ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo, kuma haka ɗan'uwan da ke kula da baƙi ya yi mini: ruwa, ɗaki, abinci, ba tambayar ko ɗan wane ne ni.

Ƙararrawa tana kaɗawa dare bai gama tsalawa ba. A duhu ake shiga coci, a yi ta rera Zabura, sashe ya ɗauka sashe ya amsa. Bayan wannan ta dare, akwai lokutan addu'a shida a yini, daga fitowar alfijir har zuwa ta kwanciya, wadda ake rufewa da waƙar gaisuwa ga Maryamu. Tsakaninsu akwai Mas, wato babbar ibadarmu ta Jibin Ubangiji, akwai karatun Littafi Mai Tsarki a tsanake, kowa shi kaɗai, sannan aiki. Gaskiya wannan bai yi mini baƙunta ba. Wanda ya tashi a garin da ladanai ke raba masa yini kashi biyar ya riga ya san yadda ake ajiye fartanya a amsa kira. Aikin ma ban ji shi ba. An ba ni adda da fartanya na bi wani ɗan'uwa gona, ƙasarsu ta fi tamu nauyi, ciyawa kuma ba ta jin magana, amma noma noma ne. Babi na 48 ya ce zaman banza maƙiyin rai ne, kuma mutum yana zama ɗan zuhudu na gaske ne in yana ci daga guminsa. Ba na jin akwai dattijo a Damagaram da zai ja da wannan.

Shirun ne ya fara ba ni wuya. Mu mutanen gaisuwa ne. Ka haɗu da mutum a hanya, ba ina kwana, ba ina gajiya, sai ɗan sunkuyar da kai, har a wurin cin abinci wani na karatu ana ci ana saurare. Da dare ya yi sai in tuna fadarmu ta shayi, ana gardamar kokawa har a kai ga ruwa na uku. Da shirun ya zauna mini kuwa, sai abubuwan da hira ta saba rufewa suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya.

Su na kai wa dattijon da ke kula da masu neman shiga. Ya bar ni na yi ta zuba, har na kai ga 16 ga Janairun 2015, ranar da aka ƙona cocinmu da sauran majami'un Zinder, da yadda iyalai da yawa suka kwashe kayansu suka bar garin. Sai ya tambaye ni, "Ɗana, Allah kake nema, ko wurin da ba za a ƙona ba?" Ya tuna mini 'yan'uwansu bakwai na Tibhirin a Aljeriya, waɗanda suka ƙi barin maƙwabtansu Musulmi a lokacin yaƙin basasa, aka sace su aka kashe a 1996, aka kuma ɗaga su zuwa matsayin masu albarka a Oran a 2018. Ya ce alkawari uku suke ɗauka: biyayya, da sauya hali zuwa rayuwar zuhudu, wanda talauci da rashin aure ke cikinsa, da zama daram a gida ɗaya har mutuwa. Wanda gudu ya kawo shi, in ji shi, na ukun ne ke kayar da shi, don ran da ya gaji da fuskar ɗan'uwan da ke kusa da shi a coci, gudun zai sake yi.

Wannan na uku shi ne ya fi tsaya mini, kuma a ganina nan ne Bahaushe zai fi jin jiki, ba wajen tashin dare ko rashin mata ba. An ce zumunta a ƙafa take. Ɗan zuhudu kuwa ba ya tashi don suna ko ɗaurin aure, ba shi da ko dala ta kansa da zai aika gida ran da hatsi ya yi tsada. Ni ne babba a ɗakinmu, kuma daga ɗinkina ake biyan kuɗin makarantar autarmu. Na ɗauka zai ce in dogara ga Allah in bar su. Cewa ya yi wanda ke da nauyin da bai sauke ba, ba a buɗe masa ƙofa, kuma babi na 58 da kansa ya ce kada a yi saurin karɓar sabon zuwa, a bar shi yana ƙwanƙwasawa kwana huɗu ko biyar a ga haƙurinsa. Ko an shiga, akwai zaman gwaji na watanni, sannan shekara biyu ta koyo, sannan alkawarin wucin gadi na aƙalla shekara uku, kafin na har abada. A duk tsawon nan mutum na iya ɗaukar jakarsa, su ma suna iya ce masa ya koma.

Ya sallame ni da aiki a hannu: in koma Zinder, in riƙe addu'ar safe da ta yamma a kan lokaci ko da keke na jira, in ci gaba da ganin limaminmu, in zauna da ƙanena mu yi lissafin gida tsakani da Allah. In shekara ta zagayo abin bai sake ni ba, in rubuto, su ba ni zama mai tsawo a cikinsu, ba a ɗakin baƙi ba.

Dawowa ta fi zuwa gajiya, ga tsayuwar shingayen jandarma, ga zafin Doso. Ƙanena ya tare ni a tasha da babur. Tun a hanya na fara masa maganar shago, ya ce ya yarda ya koyi yanka, amma sai in an ƙara keke na biyu. Mun sa bayan kaka, in an sayar da wake.